Tabon Tayil a Madafa da Makewayi: A San Cuta Kafin a Nemi Magani

   

Na san ba za a rasa wanda, da ya ji abin da za a yi magana a kansa yau, ya ce a ransa: ashe mas'alolin duniya da na lahira sun ƙare ne, har za a tara dattawan Masama da matan aure a yi musu lacca a kan wankin daɓe? Ban ga laifinsa ba. Amma ina tuna masa cewa a nan kusa da mu, cikin garin Gwandu, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo yake kwance, Allah Ya ƙara masa yarda, wanda ya rasu a 1829. Daga cikin littattafan da ya bari akwai wanda ya sa wa suna Masalihul Insan, ya haɗa a cikinsa abin da ke gyara addinin mutum da abin da ke gyara jikinsa. Malaman da muka gada ba su ɗauki lafiyar jiki ƙaramar magana ba, saboda haka mu ma ba za mu ji kunyar ta ba.

Ga dalilin da ya sa na zaɓi wannan magana. Kwanakin baya an yi haihuwa a gidan wani ɗan'uwana. Ana gobe suna, ƙanwar mai jego ta shiga makewayi ta ga tayil ya yi ja-ja tun daga gindin famfo har bakin rariya, ta ce ba za a yi baƙi a ga wannan abin kunya ba. Ta zuba omo ta goge, bai fita ba. Ta zuba ruwan kulorin, irin wanda ake cire dauɗar fararen kaya da shi, sai ma jan ya ƙara fitowa. Da ranta ya ɓaci, sai ta ɗauko ruwan wanke masai ta kwarara a kan na farkon, ta turo ƙofa don kada yara su shigo, ta durƙusa tana gogewa. Ba a yi minti biyar ba aka ji tana tari kamar ranta zai fita. Aka jawo ta waje idanu na zubar da hawaye, numfashi sama-sama. Daren da ya kamata ta kwana tana aikin suna, a gadon asibiti ta yi shi. Allah Ya ba ta lafiya, amma ta yi makonni ƙirjinta bai saki ba. Kuma jan nan da ta kusa ba da ranta a kansa, ranar suna yana nan inda yake.

Wannan yarinya ba ƙazama ba ce, son tsabta ne ya kai ta. Abin da ta rasa shi ne sani, kuma ba ita kaɗai ta rasa shi ba. Iyayenmu mata sun san daɓensu ciki da waje. Su suke zuba tsakuwa, su yayyafa ruwan makuba, su taru da madaɓai su buga shi har ya yi santsi, kuma sun san abin da ke ɓata shi da abin da ke raya shi. Daga baya siminti ya zo, tarazo ya biyo, yanzu kuma wanda duk Allah Ya hore wa, ko a birni ko a ƙauye, tayil yake sawa a madafa da makewayi, har da wuraren alwala na masallatai. Kayan sun iso mu, amma ilmin kula da su bai biyo su ba. Mai shago ya sayar, mai sa tayil ya karɓi kuɗinsa ya tafi, aka bar mace da buroshi da kwalabe masu rubutun da ba kowa ke karantawa ba.

To, abu na farko da nake so mu fahimta shi ne yadda tayil ɗin kansa yake. Yumɓu ne aka gasa da wuta mai tsanani, wadda ta wuce digiri 1,000, aka rufe fuskarsa da wani siririn rufi mai kama da gilas. Wannan rufin shi ke ba shi sheƙi, shi ke hana ruwa da dauɗa shiga jikinsa. Muddin rufin yana nan lafiya, kusan duk tabon da kuka gani a kansa yake zaune, bai shiga ciki ba, kuma zai fita in an same shi da abin da ya dace. Tsakanin tayil da tayil kuwa akwai layin siminti, shi kuma yana shan ruwa kamar tulu, yana shan mai, yana riƙe dauɗa. Galibin baƙin da ke sa a ce daɓe ya tsufa, a wannan layin yake. Duk abin da za mu yi, lalle ne mu kiyaye waɗannan biyu, rufin da layin, domin in ɗayansu ya lalace, wanki ya daina amfani.

Abu na biyu, tabo ba iri ɗaya ba ne. Launinsa da wurin da ya fito su ke gaya maka asalinsa, kamar yadda mai magani ke duba ido da harshe kafin ya ba da saiwa. Bari in fara da wanda ya fi damun mu a wannan yanki, wato ja.

Ku dubi tuddan da ke kewaye da mu, masu shimfiɗaɗɗen kai, da jar marmara a bisansu. Wannan jan na ƙarfe ne, irin tamar da maƙeran da suke narkawa. Masana ilmin ƙasa, da suka yi nazarin shimfiɗar yashi da yumɓu da muke zaune a kanta, wadda ta miƙe har Birnin Kebbi da Argungu, sunan Gwandu suka sa mata, kuma tana cikin mafi albarkar ruwa a duk ƙasar Sakkwato da Kabi. Daga cikinta rijiyoyinmu na burtsatse suke jawo ruwa. Sai dai ruwan da ya daɗe kwance cikin irin wannan ƙasa, a wasu rijiyoyi, yakan fito ɗauke da ƙarfe narkakke wanda ido ba ya gani. Ka tara shi garau kamar hawaye, ka bar shi ya kwana a bokiti, da safe ka tarar ya yi jaja-jaja da laka a gindi. Abin da ya faru shi ne ƙarfen ya haɗu da iska ya zama tsatsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa in ƙarfe ya wuce miligiram 0.3 a lita ɗaya, yana fara ɓata tufafi da kayan famfo. Ku duba ƙanƙantar wannan adadi. Saboda haka famfon da ke ɗiga dare da rana, kowane ɗigo yana sauke ɗan kayansa a kan tayil ya bushe, har a wayi gari an ga jan layi daga gindin famfo zuwa rariya. Wani lokaci kuma ba daga ƙasa ba ne, daga tsohon bututun ƙarfe ne, ko gindin bokitin ƙarfe, ko gwangwani, ko tukunyar gas da aka ajiye a kan jiƙaƙƙen daɓe ta bar zobe.

A nan ne mutane da yawa suke kuskure. Kulorin, wanda muka fi sani da sunayen kasuwa irin su Hypo da Jik, ba ya cire tsatsa. Hasali ma aikin da iska ke yi wa ƙarfe cikin dare guda, shi yake yi cikin ɗan lokaci, sai jan ya ƙara kamawa. Abin da ke narkar da tsatsa shi ne tsami. Kuma ba sai an je kasuwar Jega ba, akwai shi a madafa. A fara jiƙa wurin da ruwa zalla, domin layin siminti ya sha ruwa ya ƙoshi kada ya sha tsamin. Sannan a matse lemun tsami a kan ɗan gishiri, a shafa a kan tabon, a bar shi kamar minti goma ko sha biyar ba tare da ya bushe ba, a goge da buroshin roba, a ɗauraye da ruwa mai yawa. Jiƙaƙƙiyar tsamiya mai kauri tana yi, ruwan khal ma yana yi. Tabon da ya shekara ba zai fita a karo ɗaya ba, sai an maimaita sau uku ko huɗu a kwanaki daban-daban. Haƙurin nan shi ne kuɗin da za a biya, kuma ya fi kuɗin asibiti araha.

Farin ɓawon da ke taruwa a bakin famfo, ko ya sa tayil mai duhu ya yi furu-furu, shi ma tsami ne maganinsa. Wannan ya fi yawa a inda ruwa ya ratsa dutsen farar ƙasa, irin na Kalambaina da ake yin siminti da shi tun shekarun 1960. Wanda ya zauna a wajajen nan ya san yadda cikin butar shayi yake yin fari. Rawayan da ke kamawa a gefen masai, wanda fitsari ke bari in ya bushe, duk gidansu ɗaya.

Amma akwai sharaɗi, kuma ina roƙon kwamitocin masallatai su saurara da kyau. Idan daɓen na tarazo ne ko na mabul, tsami abokin gabarsa ne, domin shi kansa daga dangin wannan dutsen farar ƙasa yake. Abin da zai ci farin ɓawo zai ci daɓen. Wanda bai tabbatar da irin nasa ba, ya ɗiga lemun tsami a wani lungu da ba a gani, ya jira kaɗan. In ya ga ƙananan kumfa, ko ya goge ya ga wurin ya dushe, to ya nisanta duk wani mai tsami daga wannan daɓe, ya tsaya ga sabulu da ruwa.

Ruwan wanke masai na kanti, irin su Harpic, galibinsu asid ne mai ƙarfi a ciki, kuma don cikin masai aka yi su. In larura ta sa za a taɓa tabon daɓe da irinsu, to da safar hannu ta roba, da taga a buɗe, a kan tabon kaɗai, na ɗan lokaci, a bi da ruwa mai yawa. Wanda ya mayar da shi abin wankin kowane mako zai ga daɓe yana haske wata biyu ko uku, daga nan layin siminti ya zaizaye ya zama rami, ruwa ya sami hanyar shiga ƙarƙashi, tayil ya fara ƙara in an taka, wari ya ƙi ƙarewa, kyankyasai su sami gida. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Sannan akwai wata mummunar al'ada da ta shigo, ta karɓo ruwan tsohon batir daga wurin masu caji a wanke makewayi da shi. Don Allah a bari. Yana ƙona fata, yana makantar da ido in ya fantsama, yana cinye rufin tayil da murfin rariya. Bugu da ƙari, ruwan da ya fito daga tsohon batir yana ɗauke da dalma. Ba mu manta abin da gubar dalma ta yi a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara a 2010 ba, inda yara fiye da 400 suka rasu. Can daga haƙar zinariya ta fito, amma gubar ɗaya ce, kuma ba wanda zai so ya shimfiɗa ta da hannunsa a inda ɗansa ke tafiya ba takalmi.

Mu koma madafa. Ita tata cutar daban ce. Abin da ke sa tayil ɗin madafa ya yi rawaya-rawaya yana kama ƙafa shi ne maiƙo: man gyaɗa da manja da ke fantsama, da tururin suya da ke sauka a hankali, sannan ƙurar hunturu da hayaƙi su zo su manne a kai. Tsami ba ya yi wa maiƙo kome. Maganinsa kishiyar tsami ne, kuma wannan kakanninmu sun riga mu sani, tun da da ruwan toka suke wanke tukwane, da shi kuma suke haɗa sabulun salo. A kankare abin da ya daskare da wani abu na roba ko na itace, a jiƙa kanwa a ruwan zafi, a ƙara ɗan omo, a zuba a bar shi ya yi minti goma, sannan a goge. Yawancinmu ba ma ba wa sabulu lokaci, muna zubawa muna gogewa, sai ƙarfin damtse ya yi aikin da ya kamata jira ya yi. Kuma kada a cika omo. Wanda ya yi yawa ba ya ɗaurayuwa, yakan bushe ya bar danƙo, danƙon ya kama sabuwar ƙura, a wayi gari wankin ne da kansa ya dusar da daɓen.

Na ga wasu a wayar hannu suna koya wa mata su haɗa kanwa ko bakin soda da lemun tsami, wai kumfar da ke tashi ita ce alamar ƙarfi. Wannan kumfa alamar sun kashe juna ce. An ɓata lemo, an ɓata kanwa, abin da ya rage bai fi ruwan gishiri ba. Kowanne a yi amfani da shi shi kaɗai a inda ya dace. Soson ƙarfe kuma a bar wa tukunya: yana karce rufin tayil, ɓarɓashinsa ya maƙale a layi ya yi tsatsa. Kalanzir da fetur kuwa, a ɗakin da ake kunna wuta, ba sai na tsaya bayani ba.

Saura baƙi-baƙin da ke bin layin siminti a makewayi, da koren gansakuka a inda rana ke ɗan taɓawa. Waɗannan masu rai ne, funfuna ce da danginta, kuma danshi ke ciyar da su. Nan ne kulorin yake da aiki. Wanda aka rubuta kashi 3.5 cikin 100 a jikin kwalbarsa, a auna kofin roba ɗaya a cikin kofi 16 na ruwan sanyi. A fara wanke wurin da sabulu a ɗauraye, sannan a zuba, a ba shi minti goma, a bi layin da tsohon buroshin haƙori, a sake ɗaurayewa. A haɗa na yini ɗaya kawai, domin in ya kwana ƙarfinsa yana raguwa. Wannan ma'aunin shi ne kusan wanda ma'aikatan lafiya ke wanke daɓe da shi lokacin annobar amai da gudawa, kuma mun ga wannan annoba da idonmu a 2021, lokacin da aka ƙidaya fiye da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu a Nijeriya, fiye da 3,000 suka rasu, Jihar Kebbi na cikin waɗanda abin ya taɓa. Saboda haka ba cewa nake a kori kulorin daga gida ba. Cewa nake a san wurinsa.

Yanzu ga maganar da, in kun manta duk sauran, ita kada ku manta. Idan kulorin ya haɗu da mai tsami, ko ruwan wanke masai ne, ko ruwan khal, ko lemun tsami, yakan saki iska mai guba. Wannan iska ita ce sojojin Jamus suka saka wa abokan gabarsu a garin Ipir na ƙasar Beljiyam ranar 22 ga Afrilu 1915, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Makamin yaƙi ne, mu kuma muna haɗa shi a ɗaki mai taku uku da ƙofa a rufe. Ta fi iskar da muke shaƙa nauyi kusan ninki biyu da rabi, saboda haka ƙasa take kwantawa, daidai inda fuskar mai durƙuso take, daidai tsawon yaro mai rarrafe. Namijin da ya leƙo a tsaye zai ce wari ne kawai, alhali wadda ke ƙasa huhunta ke ƙonewa. Kada a ce rashin boko ne ke jawo wannan. A watan Nuwamba 2019, a garin Burlington da ke kusa da birnin Boston a Amurka, an zuba mai kulorin a daɓen madafar wani gidan abinci inda mai asid ya riga ya zube. Manajan wurin, ɗan shekara 32, ya shiga yana ƙoƙarin share ruwan waje, ya shaƙa, ya rasu a asibiti, wasu mutum goma ko fiye suka jikkata. Ga asibitoci, ga motocin ɗaukar marasa lafiya, amma ba su hana ba. Haka nan tsohon fitsari da ya taru, in aka zuba masa kulorin kai tsaye, yana tayar da wata iskar mai cutarwa, shi ya sa ake fara kora wurin da ruwa. In daɓe yana da tsatsa yana kuma da funfuna, a yi ɗaya yau, a ɗauraye sosai, a yi ɗayan gobe.

In kuwa ƙaddara ta faɗa, a fitar da mutum zuwa fili nan take, a buɗe ƙofa da taga, kada wani ya koma ciki wai zai share. A cire masa rigar da ta jiƙe, a wanke ido da ruwa mai gudu na kamar minti goma sha biyar. In tari ya ƙi tsayawa ko numfashi yana wahala, a nufi babban asibitin Gwandu, ko na Kalgo, ko na Sir Yahaya a Birnin Kebbi, ko da ya ce ya ji sauƙi, domin wani lokaci sai bayan sa'o'i huhu yake nuna abin da ya same shi. Yaron da ya sha irin waɗannan kuma kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja, abin da ya ƙona maƙogwaro da shiga zai sake ƙona shi da fita. A tafi da shi tare da kwalbar. Kuma wanda ke zuba waɗannan ruwaye a robar lemo ko ta ruwan sha ya ajiye a ƙasa, ya sani tarko ya ɗana wa 'ya'yansa.

Ya 'yan'uwa, akwai ɓangaren wannan magana da ya shafi tsarki, kuma na lura shi ke tura wasu ga wuce gona da iri. Mace ta ga ja ko rawaya a daɓe, sai shaiɗan ya raya mata cewa najasa ce, ƙafarta ba ta da tsarki, sallarta ba ta yi ba, sai ta dinga neman abin da ya fi na jiya ƙarfi. Tsatsa ba najasa ba ce. Farin ɓawo ba najasa ba ne, haka funfuna, haka tabon lalle da na goro da na zoɓo. Ruwan da launinsa ya jirkita saboda ƙasar da yake kwance a cikinta, ɗalibin da ya karanta Risala ya san yana nan a kan tsarkinsa, ana alwala da shi. Ko najasar gaske ma, in an wanke ta har ainihinta ya gushe, launi ko ƙanshin da ya yi wuyar fita an yi rangwame a kansa, kamar yadda ya zo a Muhtasar na Shaihu Halil. Sa'ad da baƙauye ya yi fitsari a masallacin Madina, guga na ruwa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya sa aka kwarara a wurin.

Amma ga ɗaya gefen, wanda shi kuma ake sakaci da shi. A mazhabarmu ta Malikiyya, ruwan da sabulu ko omo ko turaren wanki ya canza shi yana kawar da dauɗa, amma ba ya ɗauke hukuncin najasa, sai ruwa zalla. Ke nan wadda ta goge fitsarin yaro da tsumma mai kumfa ta bar shi haka, daɓe yana ƙamshi, da sauran aiki a gabanta. Ɗaurayar ƙarshe da ruwa tsantsa ita ke kammala tsarki, ita ce kuma ke ɗauke sauran tsami da zai ci siminti, da sauran sabulu da zai kayar da tsoho.

Na ambaci faɗuwar tsoho da gangan, domin in juyo kan maza, kada su zauna suna gyaɗa kai kamar laccar ta mata ce. Rabin tabon da matanmu ke fama da shi, mu muka haifar da shi. Kai ne ka je kanti ka zaɓi tayil mai sheƙi kamar madubi, irin na bango ko na falo, ka sa a daɓen makewayi don ya burge baƙo, alhali mahaifiyarka mai shekara saba'in a nan za ta yi alwalar asuba, matarka mai ciki a nan za ta yi wanka. Na daɓen makewayi mai ɗan kaushi ake sawa. Kai ne ba ka tsaya a kan mai aiki ba ka ga ya ba daɓen gangare zuwa rariya, ga shi ruwa yana kwana a kusurwa. Kafin ka sallame shi, zuba bokitin ruwa ka ga inda ya nufa. Kai ne ka bar famfo yana ɗiga wata shida saboda ƙyashin kuɗin 'yar roba. Kai ne ka gina makewayi da taga kamar ramin ɓera, ko ba taga sam. Tankin da ke bisa rufi kuma, yaushe rabon da a sauke lakar da ke gindinsa? In rijiyarka mai ƙarfe ce, barin ruwa ya kwana a tanki ya kwanta, da ɗaga bakin bututun fita sama da gindin tankin kaɗan, da wanke tankin a kai a kai, suna rage jan ƙwarai. Uwar muminai A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta ba da labarin cewa Manzon Allah yakan kasance cikin hidimar iyalinsa a gida. Wanda ya ga buroshi ya fi ƙarfin girmansa, aƙalla ya kira mai gyaran famfo.

Haka wuraren alwala da makewayan masallatanmu da makarantunmu. Su wa muke turawa su wanke? Almajirai da ƙananan ɗalibai, ba takalmi, ba safar hannu, a miƙa musu kwalabe biyu ko uku a ce su je su yi aikin lada. Amanar yaran nan tana wuyan wanda ya aike su. Babba ɗaya ya riƙe kayan wankin, shi zai auna, shi zai tsarma, kuma kada a fito da mai tsami da mai kulorin rana ɗaya. A sa tsintsiyar kwakwa ko abin jan ruwa na roba a kowane wuri, wanda ya gama ya kore ruwan zuwa rariya. Daɓen da ke bushewa tsakanin salla da salla ba ya yin funfuna, ba ya tara tsatsa.

An miƙo mini takarda daga ɓangaren mata, mai tambaya tana cewa ta riga ta yi shekara biyu tana wanke nata da asid, yanzu ya dushe, kome ya zuba sai ya kama, mene ne magani? Malama, ki shafa hannu a wurin in ya bushe. In kin ji kaushi kamar bayan tulu, alhali gefen da ba a takawa yana da santsi, to rufin ya tafi, kuma ba abin da ake sayarwa a kwalba da zai dawo da shi. Ki daina ƙara masa asid, ki tsaya ga sabulu da ruwa, ki riƙa share abin da ya zuba tun bai bushe ba. Layin da ya zama rami, a kankare shi a sake cikawa da farin siminti, a bar shi kwana biyu ba a jiƙa shi da wanki ba, wannan ba ya cin kuɗi da yawa kuma zai hana ruwa shiga ƙarƙashi. Waɗanda suka fashe ko suke motsi, maigida ya sa a cire su ɗaya-ɗaya a canza, ba sai an fasa duka ba. Sauran tambayoyin za mu ɗauke su bayan sallar la'asar, in Allah Ya so.